Zadok Majemi da Benci na Bakwai

A jikin dutsen kabarin Zadok Wetherbee an sassaƙa cewa shi ne mutum na farko a garin Hadbury da ya buɗe baki ya ce mu rabu da Sarkin Ingila. Gaskiya ne, a gabana aka yi. Abin da dutsen bai faɗa ba shi ne dalili. Da yake ni ne ƙanin matarsa, na kuma shekara ashirin ina kallon ƙeyarsa duk ranar Lahadi, ina ganin ni ya kamata in faɗa.

Majami'armu ɗaya ce a garin. A cikinta muke ibada, a cikinta muke taron gari, kuma ba mai shiga ya zauna inda ya ga dama. Duk bayan shekara biyar ko shida akan zaɓi mutum uku su raba wuraren zama. Su duba shekarun mutum, su duba abin hannunsa, sannan su duba daraja. Shekaru kowa ya san nasa, gonaki da shanu ido na ganinsu. Daraja kuwa, su ukun nan kaɗai suka san mudun da ake auna ta da shi. In sun gama a karanta sunaye a bainar jama'a, kowa ya ji matsayinsa, ya koma gida ya kwana uku ba ya kula matarsa.

Benci goma ne a ɓangaren maza. Ni, Jotam kafinta, ina na tara. Zadok yana na bakwai, inda ubansa ya zauna har ya mutu, bayan wani ginshiƙi da ke raba fuskar Fasto biyu, kusa da ƙofar da sanyi ke shigowa. Can gaba, dama da mumbari, akwai wani mazauni zagaye da katako, da ƙofarsa da sakatarsa, na Alƙali Peverel, wanda gwamna ya naɗa da sunan Sarki. A ciki akwai dogon matashi na fatar maraƙi. Zadok ne ya jeme fatar, wata goma sha huɗu tana cikin raminsa na jima. Ya sha faɗa mini cewa duk rayuwarsa bai ƙara fitar da fata mai laushinta ba.

Lokacin da Majalisar Landan ta sa harajin hatimi a kan takardu, gari ya ɗauki zafi, Zadok ko a jikinsa. "Ni me ya haɗa ni da takarda?" in ji shi. "Fata ba a buga mata hatimi." Ranar da samari suka ƙona mutum-mutumin mai karɓar haraji, yana can yana kankare gashin saniya.

Sai aka yi rabon wurare na shekarar 1768, Alƙali ne shugaban masu rabon. Zadok ya sayi fadama a shekarar da ta gabata, ya sa rai da benci na huɗu, har ya sa yayata Keziya ta juya masa kwalar rigarsa don ta yi kamar sabuwa. Aka karanta sunaye. Benci na bakwai.

Washegari ya ja ni muka tafi gidan Alƙali, wai in taya shi ɗaukar fatun da aka yi oda. Alƙali ya fito baranda da kansa.

"Ranka ya daɗe," in ji Zadok, hularsa a hannu, "jiya na ji an karanta sunaye."

"An karanta, Zadok."

"Na sayi fadamar bakin rafi. Shanuna tara. Na ba Sibley shekara biyu a haihuwa, ga shi can a benci na biyu."

"Sibley dattijon coci ne."

"Ni kuma fa, ranka ya daɗe?"

Alƙali ya ciro farin hankici ya kai hanci. Ba da mugunta ya yi ba, bai ma san ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. "Kai mutumin kirki ne," ya ce. "Kuma na bakwai ai wuri ne mai kyau. Kusa da ƙofa. Akwai iska."

Mun yi rabin hanyar gida sai Zadok ya juyo ya dube ni.

"Jotam, wai ina wari?"

"Yaya Zadok, ni tun ranar da ka auri yayata hancina ya yi murabus. Nemi wani ka tambaya."

"Ɗan banza. Da sabulu biyu nake wanka ranar Asabar."

"To sabulun ne ya kamata a tausaya wa."

Ya kai mini duka da hula, na goce. Na zaci maganar ta ƙare a nan. Amma cikin makon aka fara ganinsa a masauki inda ake shan giyar tuffa ana karanta jaridar Boston da ƙarfi, yana zaune daf da mai karatu. Kafin ƙarshen shekara ya gano cewa Majalisar Landan azzaluma ce, gwamna karenta ne, duk wanda gwamna ya naɗa kuwa wutsiyar karen ne. Bai taɓa kiran sunan Alƙali ba. Ba ya bukata.

Ba na cewa ƙarya yake yi. Harajin gaskiya ne, sojojin da aka jibge a Boston gaskiya ne, ni ma raina ya ɓaci. Amma mu fushinmu yakan kwanta lokacin shuka da lokacin girbi. Nasa duk Lahadi ake hura shi, sau biyu, safe da yamma.

Da gari ya yanke a daina sayen kayan Ingila, Keziya ce ta fara shan wahala. Ya tarar da ita da butar shayi, ya tsaya a kanta kamar ya kama ɓarawo.

"Zubar da shi."

"Baban Rut, lafiya? Shayin nawa ma Sarki ne ya dafa?"

"Ganyen bauta ne wannan."

"Bara da kanka ke ciwo ganyen magani ne."

"Bara ban waye ba."

"To Allah ya ƙara wayewa. Ka waye ka bar mini butata."

Ya ƙona ganyen a tsakar gida don maƙwabta su gani. Aka sa shi cikin masu zagaya gidaje suna shinshina kicin. Ya kama matar mai niƙa, ya kama surukar Dattijo Sibley, ya sa aka karanta sunayensu a taro. Shekara uku yana wannan aiki, Keziya kuwa ta ɓoye gwangwanin shayinta a rumfar jimarsa, bayan tarin ɓawon itace, wurin da ta tabbata babu hancin da zai yi aiki, har da na maigidan. A gidana take zuwa sha, ita da matata.

Bayan mutanen Boston sun zubar da shayin kamfani a teku, Landan ta rufe musu tashar jiragen ruwa, ta kuma hana garuruwa yin taro sai da izinin gwamna. Mu kuwa muka yi taron. Aka shimfiɗa takardar alkawari a tebur ƙarƙashin mumbari: duk wanda ya sa hannu ya yanke hulɗa da Ingila har sai an janye dokokin. Fasto ya karanta, ya ajiye alƙalami. Shiru. Kowa ya san idan abin ya ɓaci, daga saman takarda za a fara rataye mutane. 'Yan benci na ɗaya suka ga wani abin sha'awa a rufin ɗaki. Dattijo Sibley ya shiga neman tabaransa, alhali yana kan hancinsa.

Zadok ya miƙe.

Ya wuce benci na shida, ya wuce na biyar. Mata suna cewa dubi jarumi, ko gezau. Ni da nake bayansa na ga yadda yake tafiyar: a hankali, yana ɗan tsayawa a kowane benci kamar mai taya kaya a kasuwa. Ya rubuta sunansa a can sama, manyan baƙaƙe, har ya ci wurin mutum uku. Da muka fito mutane suna ta riƙe masa hannu, ya jawo ni gefe, idonsa na ƙyalli.

"Ka ga inda Sibley ya faɗo? Na goma sha ɗaya a takardar."

Alƙali bai sa hannu ba. A watan Satumba, da hantsi, maza kusan ɗari biyu muka yi layi biyu a filin gaban majami'a, aka fito da shi ba hula, aka ba shi takarda ya karanta cewa ya ajiye muƙamin da Sarki ya ba shi. Haka ake yi a ko'ina a lardin a watan nan. Ya karanta. Dattijo Sibley ya ce to shi ke nan, a bar tsoho ya tafi.

"Mu na baya ba mu ji ba!"

Zadok ne. A sahun gaba yake tsaye, taku uku tsakaninsa da Alƙali. Jama'a suka fashe da dariya. Alƙali ya sake karantawa.

"Har yanzu ba mu ji ba! Iska ta yi yawa a nan!"

Sau uku ya karanta. A na ukun ya ɗago ya dubi Zadok, na ga alamar yana neman tuna abin da ya taɓa yi wa mutumin nan, bai tuna ba. Kafin mako ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya gudu Boston, bayan bindigogin sojan Sarki. Ya bar gida, ya bar gona, ya bar bawansa Kuffi, wanda Dattijo Sibley ya ɗauka ya riƙe, wai don tausayi.

Mazaunin gaba ya zama fanko. Dattawa suka ce a rufe shi, aka kira ni da guduma. Ina buga ƙusa Zadok yana tsaye, Sibley yana tsaye.

"Har yaushe za a rufe, Dattijo?" in ji Zadok.

"Har Allah ya daidaita mu da Sarkinmu, ɗan'uwa. Ai ba da shi muke rigima ba, da miyagun fadawansa ne."

"In an daidaita fa?"

"Sai Jotam ya cire ƙusoshinsa, mai wuri ya dawo wurinsa."

Na ga maganar ta shiga Zadok kamar ruwan sanyi a ƙeya. Duk wahalar shekara shida, ashe in mun ci nasara, nasarar ita ce Alƙali ya dawo ya zauna a kan fatar maraƙi. A lokacin ba mai zancen rabuwa. Muna tara albarushi a ƙarƙashin majami'a, muna atisaye sau biyu a mako, amma duk Lahadi Fasto yana yi wa Sarki addu'ar tsawon rai, muna cewa amin da zuciya ɗaya. Abin da muke so a koma yadda ake da. Mutum ɗaya ne a Hadbury da komawa yadda ake a da ba ta yi masa ba.

A taron gari na watan Janairu, ana muhawarar irin lafazin ladabi da za a sa a takardar koke, ya miƙe daga bayan ginshiƙinsa.

"'Yan'uwa, koke na nawa ke nan? Ni dai na ce a rabu. Shi ya riƙe tsibirinsa, mu mu riƙe ƙasarmu. Wanda ya bi shi kuma ya bi shi ke nan, kada ya dawo."

Wani tsoho ya yi salati irin namu, ya ce wannan cin amanar Sarki ne. Fasto ya ce a yi kamar ba a ji ba. Magatakarda ya ƙi rubutawa. Wannan ita ce maganar da ke jikin dutse yau, sai dai an yanke jimlar ƙarshe.

Ranar sha tara ga Afrilu, da rana tsaka, mahayi ya shigo gari yana ihu cewa jajayen riguna, wato sojojin Sarki, sun fito daga Boston, an yi harbi, an zubar da jini. Mu arba'in da biyu muka ɗauki bindigogi da burodin masara muka kama hanya. Tafiyar kwana biyu ce, don haka mun isa an gama. Abin da muka tarar gawar doki ce da gidaje masu hayaƙi. Muka shiga cikin dubban da suka zagaye Boston, muka haƙa ramuka, muka zauna.

Wata goma sha ɗaya aka yi ana zaman nan. Wake da naman alade mai gishiri, ƙwarƙwata, zawo. Mutane suna zamewa gida yankan ciyawa. Ni kaina sau biyu na gudu na dawo. Zadok ko sau ɗaya. Da ya sami sarari sai ya hau tudu ya ƙura wa rufin gidajen birnin ido.

"Wanne kake jin nasa ne, Jotam?"

"Na wa? Sarki ai yana Landan."

"Kai dai ba ka da hankali."

"Yaya Zadok, Keziya ta ce in gaya maka fatunka sun ruɓe a rami, kuma ta ce tun da ka tafi ƙudaje sun bar gidan, tana kewarsu."

"Ka ce mata in na dawo za ta zauna inda ba ta taɓa zama ba."

Sana'arsa ce ta kai shi wurin igwa. Idan ana ɗura igwa, dole mutum ɗaya ya toshe ɗan ramin wuta da babban yatsa, in ba haka ba iska ta shiga, albarushi ya tashi a hannun mai ɗuri. Ƙarfen da zafi, sai da 'yar hular fata a yatsa. Zadok ya ɗinka musu irin da ba su taɓa gani ba, daga nan suka ce to ka tsaya ka toshe da kanka. Ya ji daɗin aikin ƙwarai. Masu igwa a gaba suke tsayawa.

A farkon watan Maris aka shiga yi wa birnin ruwan wuta. Wasu igwogin tsofaffi ne, sun girme mu. Rana ta uku da safe wadda ke kusa da tasa ta tsage. Mutum biyu suka mutu nan take. Na same shi zaune a ƙasa, jini na bin kunnuwansa biyu, yana tambayata da ƙarfi don me aka daina harbi. Ba a daina ba. Ƙasa rawa take yi a ƙarƙashinmu.

Bayan mako biyu sojojin Sarki suka shiga jiragensu, tare da duk wanda ya fake da su. Na samo allo da alli na rubuta masa: Alƙali ya tafi, ba zai dawo ba. Ya karanta, ya sake karantawa, ya hana ni gogewa har yamma.

Muka dawo Hadbury muka tarar kowa ya zama mai son rabuwa tun asali. A watan Yuni aka tambayi garuruwa ko za su tsaya da rai da dukiya idan aka ayyana 'yanci. Dattijo Sibley ya yi jawabin rabin sa'a, ya ce shi tun yana yaro zuciyarsa ba ta kwanta da sarauta ba. Zadok ma ya yi magana, da irin muryar kurame da ba su san ƙarfinta ba, har gilashin taga na amsawa. Mata suka yi hawaye, suka ce dubi zafin kishin ƙasa. Ba hannu ɗaya da ya ƙi tashi.

Sai aka ayyana 'yancin, umarni ya zo cewa a karanta takardar 'yanci a kowace majami'a bayan ibadar yamma. Dattawa suka ce sabuwar ƙasa ba ta kamata da tsohon zama ba, a sake rabon wurare kafin ranar. Aka zaɓi Sibley, aka zaɓi kyaftin ɗinmu, aka ce a sa mutum ɗaya daga cikin talakawan soja don zamani ya canza. Aka sa ni.

A falon Sibley muka zauna, Kuffi yana kawo mana giyar tuffa. Da aka zo kan mazaunin gaba na ce Zadok. Na ce shi ya fara sa hannu, shi ya fara cewa a rabu, shi ya bar kunnuwansa a Boston.

"Kunnuwan nan su ne maganar, ɗana," in ji Sibley, cikin taushin murya. "Tun zamanin kakanninmu, wanda jinsa ya yi rauni a bencin ƙarƙashin mumbari yake zama, don Kalmar Allah ta sauko masa kai tsaye. Ka taɓa ganin an saɓa?"

"Dattijo, wannan ko a cikin bakin Fasto ka sa shi ba zai ji ba."

"To ka ga ke nan bai kamata a ɓata mazaunin gaba ba. Kuma ka duba, wane wuri ne ya fi ƙarƙashin mumbari zama gaba? Girmamawa ce." Ya juya takardarsa. "Af, kai kuma mun ga benci na huɗu ya dace da kai. Kafinta, tsohon soja. Ko kana da magana?"

Na buɗe baki. Na tuna benci na tara, inda yara ke jefo ƙwallon tuffa daga bene. Na nemi sauran hujjojina na rasa inda suka shiga. Mazaunin gaba kuwa, kyaftin ya ce ai sai Dattijo, Dattijo ya ƙi sau biyu, ya karɓa a na uku.

Keziya ta tare ni a bakin rijiya.

"Ina kuka sa shi?"

"Gaba."

"Gaba ina?"

"Gaban gaba, Yaya."

"Jotam, ni na goya ka. Ɗago ka dube ni." Na ɗago. Ta daɗe tana kallona. "Kai kuma nawa suka ba ka?"

"Na huɗu."

"Da arha ka tafi. To kai za ka gaya masa, ba ni ba."

Na je da allona. Na tarar ta riga ta ɗinka masa sabuwar riga, yana gwadawa. Ya dube ni, ya ɗaga gira. Na rubuta kalma ɗaya: Gaba. Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ya ce ashe ƙanin mata ma yana da amfani. Ranar Asabar da na je cire ƙusoshi ya biyo ni da ɗan kasko na kitse. Ya shiga, ya durƙusa, ya shafe matashin nan tun daga wannan baki har wancan, yana mita cewa shekara biyu ba mai kula da fata. Allon yana cikin jakata. Ban ciro shi ba.

Ranar Lahadi aka tsaya a bakin ƙofa, magatakarda na kiran sunaye, kowa na shiga sabon wurinsa. Zadok ba ya ji, don haka da na taɓa kafaɗarsa sai ya miƙe zuwa dama da mumbari. Ya ɗora hannu a kan ƙofar. Sibley na ciki da iyalinsa, ya yi masa murmushi, ya gyaɗa kai. Zadok ya juyo ya dube ni. Na kama gwiwar hannunsa na kai shi ɗan bencin da ke ƙarƙashin mumbari, wanda ke fuskantar jama'a, na zaunar da shi tsakanin Baba Amos mai shekara casa'in da ɗaya, wanda ya riga ya yi barci, da tsohon mai niƙa da dutsen niƙa ya cinye wa kunne. Bai yi gardama ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da yamma Fasto ya buɗe takardar. Ya karanta cewa an halicci mutane duka daidai, muka saurara, kowa daga inda kwamiti ya ajiye shi: Sibley a kan fatar maraƙi, ni a na huɗu, Kuffi can ƙuryar bene inda rufi ke taɓa kai. Ya jero laifuffukan Sarki ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta cewa daga yau ba mu da wani sarki. Zadok na zaune daidai ƙarƙashin takardar, ya fi kowa kusa da ita, idonsa a kan mazaunin gaba. Fasto ya kai ƙarshe ya yi shiru, irin shirun da ake yi kafin a ce amin. A cikin shirun nan Zadok ya sunkuya wajen Baba Amos, a ganinsa raɗa yake yi.

"NI NA JEME FATAR DA YAKE ZAUNE A KAI!"

Wani ya tuntsire a baya. Kyaftin ya yi maza ya ɗaga hula ya yi kirarin sabuwar ƙasa, jama'a suka amsa, aka buga ƙararrawa, samari suka ruga su sauke tambarin Sarki daga ƙofar masauki.

A waje ya same ni. Bai zage ni ba, bai ma ambaci na huɗu ba, ko a ranar ko bayanta. Ya nuna jakata.

"Me takardar ta ce?"

Na rubuta: Mun rabu da Sarki.

"Wannan na sani, ni na faɗa. Sai me?"

Na rubuta: Duk mutane daidai suke.

Ya kalli allon ya daɗe. "To wa zai riƙa raba wurin zama?"

Na rubuta: Kwamiti.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin gishiri, ya sa hularsa, ya nufi gida. Keziya ta ce da suka isa ta ciro gwangwaninta daga bayan ɓawon itace ta dafa shayi a gabansa, ya sha kofi biyu.

Shekara goma sha tara ya yi a bencin nan, bai taɓa fashin Lahadi ba. Da Baba Amos ya rasu ya matsa zuwa bakin dama, inda babu inuwar mumbari. Yaƙin ya daɗe, ya ƙaro mana kurame, har bencin ya cika mutum biyar. Zadok ne ke zaunar da su. Wanda igwa ta kurmantar yana gaba da wanda zazzaɓi ya kurmantar, na zazzaɓi yana gaba da na tsufa. Tsohon mai niƙa, da ya riga su duka zuwa, ya taɓa yin ƙorafi da hannu cewa an tura shi can ƙarshe, wajen taga mai fasasshen gilashi. Zadok ya dafa kafaɗarsa, ya gaya masa, yadda duk majami'a ta ji, cewa ai wuri ne mai kyau, akwai iska.